Rasidin da Na Dawo da Shi Daga Jidda

Kuɗin da na tafi da su Jidda injin markaɗen Inna ne. Ku ba ku riske shi ba, amma duk wanda ya girma a layin nan namu na Gumel kafin a haife ku, ƙarar injin nan ce take tashinsa da safe. Da shi ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. Ranar da dillali ya zo da kura aka ɗora shi, Inna ba ta fito tsakar gida ba. Sai bayan la'asar ta kira ni ɗaki, ta kwance bakin zani ta miƙo mini kuɗin da ɗuminsu. Na ce, "Inna, ki ba ni shekara ɗaya, zan sayo miki sabo." Ta ce, "Kai dai ka je ka dawo da ƙafarka."

Kai Abba, matso nan, ka daina hura hanci. Tun ɗazu kake ta faɗa, wai an yanke maka aljihu a tasha, lasin tuƙi da katin ɗan ƙasa sun tafi, kuma an ce sai ka biya kafin a yi maka wasu. Ka zo wajena, ni Baffanka, neman kuɗin, kuma zan ba ka. Amma sai ka zauna ka ji wani abu game da babanka Sadisu, wanda na daɗe ina riƙe da shi. Abokanka ma su zauna, ba abin ɓoyewa ba ne yanzu.

A can, katin da ya fi komai shi ne iƙama, katin izinin zama. In kana da shi kai mutum ne, in ba ka da shi sai ka riƙa tafiya kana waige kamar ka ɗauki kayan wani. Kuma a kan katin akwai sunan kafili, wato Balaraben da ya tsaya maka. Nawa kafilin na takarda ne kawai. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, yana can wani ƙauye da raƙumansa. Hatiminsa yana aljihun wani tsoho Bahaushe, Baba Tanko, wanda ya fi kowa daɗewa a Jidda. Aikinsa bin ofisoshi da takardun mutane. Larabawa suna da sunan da suke kiran masu wannan sana'a, mu'aggib, mu kuwa da bakinmu ya kasa sai muke cewa mai akibu. Duk wata in kai masa kason kafili, shi ke nan.

Tuƙi na yi. Na ci jarrabawarsu aka ba ni lasin ƙasar, na samu aiki wajen wani ɗan Yaman mai yadi a Balad, tsohuwar unguwar kasuwa ta Jidda, ana ce masa Ammu Salim. Wata 'yar ƙaramar a-kori-kura ya ba ni, dabbab suke ce mata, ina kai dilolin yadi shaguna. Lungunan Balad kuwa, in ka shiga da mota sai ka riƙe numfashi, gidajen dutse ne tsofaffi sun matse hanya. Rannan na goga madubin motar da bango, Ammu Salim ya fito yana ihu.

"Ya Muhammad, ba ka da ido ne?"

Na ce, "Ammu, shekara biyu ina maka aiki. Sunana Hamisu."

Ya ce, "Hamis, Juma'a, duk ɗaya. Yalla, ɗauki kaya."

Haka suke. Kowane baƙo Muhammad ne, kowace baƙar fuska ɗaya ce. A lokacin abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ɗakina yana unguwar Ammariyya, a gidan wata Hajiya Ummu Faisal. Bahaushiya ce amma a Jidda aka haife ta, in ta fara magana da Hausa sai ta ƙarasa da Larabci, in ta fusata kuwa ta haɗa maka duka biyun. Rigimarmu kullum a kan ruwa ce, don da tanki ake sayensa. In na shiga banɗaki sai in ji ta tana buga ƙofa.

"Hamisu, wanka kake yi ko noman rani? Moya, ruwan nan, da fulus ake saye, ya waladi."

"Hajiya, bokiti ɗaya ne fa."

"Bokiti ɗaya mai ƙofa a gindi? Halas, fito."

Amma in zazzaɓi ya kama ka, ita ce za ta dama maka kunu ta tsaya a kanka sai ka shanye. Allah ya jiƙanta, na ji ta rasu.

Shekara ɗayan da na yi wa Inna alkawari ta zama huɗu. Da ƙyar na haɗa kuɗin injin. Ina shirin aikawa sai saƙo ya zo, Inna ta ce in bar maganar inji, in biya wa ƙanena Sadisu kujerar Umra, ya yi aure kuma ba ya aikin komai. Ban so ba, amma ban taɓa musu da Inna ba. Ya zo ya yi Umrarsa, jirginsu ya tashi ya bar shi, kamar yadda dubban mutane suke yi. Ya iso ɗakina da 'yar jaka da kaset ɗaya. Lokacin haka ake aika wasiƙa, a ɗauki murya a kaset. Muka sa a rediyo, Inna ta gaishe ni, ta lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda suka haihu, daga ƙarshe ta ce, "Hamisu, ga ƙanenka nan. Kada ka bar shi shi kaɗai a ƙasar mutane." Sau biyu ta faɗa.

Abba, kai hotonsa kawai ka sani. Shekara ɗaya da rabi ce tsakanina da shi, kuma kamarmu ta ɓaci, har Hajiya takan tare shi ta tambaye shi kuɗin haya. Sai dai shi mai dariya ne, ni kuwa kun san halina. Ya samu dako a wani sito a unguwar Kurayyat, ba takarda, ba komai, in an ce ga 'yan sanda kowa ya haura katanga. Ya bar mamanka da cikinka wata huɗu. Da labari ya zo an haifi namiji, sai ya sayi wani akwati shuɗi, duk sati ya jefa wani abu a ciki. 'Yar farar jallabiya, hula, yadi biyu daga shagon Ammu Salim, da ɗan kunnen zinari na mamanka wanda ya yi wata uku yana tara kuɗinsa. Da wani ɗan takalmi mai ƙara in an taka. Ya dawo daga aiki a gajiye, ya zauna yana matsa takalmin nan da hannu yana dariya, har Hajiya ta leƙo ta ce wa ya kawo mata ɓera gida.

Wata goma ya yi. Rannan ya dawo yana riƙe da ciki. Muka sayo magani a kemis, ya ƙi. Kwana uku yana juyi a katifa, gumi yana zuba, ya daina dariyar. Marar iƙama kuma ba ya zuwa asibiti, don daga gadon asibiti sai tarhil, wato gidan da ake tara mutane a mayar da su ƙasarsu.

To akwai abin da mutanenmu suke yi a lokacin. In marar takarda ya kwanta, sai a nemo mai kati wanda suka ɗan yi kama, a ara. Ba a fara ɗaukar zanen yatsa ba tukuna, hoton katin ƙarami ne, mai dubawa kuma duk ɗaya yake ganinmu. Kati ɗaya sai ya yi jinyar mutum biyar. Na san wani a Kurayyat da aka cire wa haƙori sau shida a takarda, alhali bakinsa cike yake. Hajiya ce ta ce, "Ka ba shi naka, ya waladi. Ku da ko ni ba na bambance ku."

Na ciro katin na sa masa a aljihun riga. Na ce, "In sun kira Hamisu, ka amsa. Kada ka manta."

Yana cije baki don ciwo, amma sai da ya yi murmushi. Ya ce, "Ashe yau ni ne Yaya. To rusuna ka gaishe ni."

Na ce, "Tashi mu tafi, ba na son wasa."

Maganar ƙarshe da na yi masa ke nan, kuma har gobe tana damuna. Me zai ragu a jikina da na rusuna?

Hajiya ce ta shiga da shi. Ni ban isa in shiga ba, ba ni da kati, kuma in aka gan mu tare da fuska iri ɗaya asiri ya tonu. Akwai wani shagon lemo a tsallaken titi, a rumfarsa na tsaya. Kwana uku ina zuwa tun hantsi, ina ƙirga tagogi ban san wacce ce tasa ba. Hajiya ta fito ta ce an yi aiki, wani abu ne ya fashe a cikin, an makara amma ana fata. Rana ta uku bayan la'asar na hango ta tana tsallako titi a hankali, ba ta ko duba mota. Tun kafin ta iso na zauna a ƙasa.

Inna ta ce kada in bar shi shi kaɗai, ga shi ya cika ina tsallaken titi.

A ranar Baba Tanko ya zo gida. Ya zauna ya yi ta'aziyya, sannan ya ce, "Hamisu, hanya biyu ce. In ka je ka faɗi gaskiya, gawar nan za ta shiga firji. Sai an yi bincike, sai an rubuta takardu an jira amsa. Na ga wanda ya yi wata biyar a ciki. Hajiya za a kama ta, kai ma haka. In kuwa ka yi shiru, in buga hatimin kafili a takardar binnewa da sunanka, jibi warhaka yana makwancinsa."

Na ce, "Katin nawa fa, Baba?"

Ya ce, "Kati ai kuɗi ne. Sun riƙe shi, to sai me? In ƙura ta lafa mu ce ya ɓata. Ka biya tara, ka biya kuɗin sabo, a buga maka wani. Littafin asibiti daban, na ofishin iƙama daban, ba sa haɗuwa. Shekara talatin ina wannan aiki."

Na daɗe ina jin haushin tsohon nan, amma gaskiya ko bai faɗi haka ba, ba zan iya barin Sadisu a firji ba. Na ce ya buga.

Ni na ɗauki gaban makara. A ƙofar maƙabarta akwai wani ma'aikaci da babban littafi, ya karɓi takarda ya ɗaga murya ya ce, "Hamisu Adamu?" Wallahi sai da bakina ya buɗe zan ce na'am. Wani ɗan Nijar da ke gefena ya matse mini hannu. Na shiga kabarin da kaina na gyara masa kwanciya. Can ba a rubuta suna a kan kabari, ɗan dutse kawai ake ajiyewa, sunan yana cikin littafin. Na buga waya nan Gumel, shagon Kawu Iro ɗan'uwan Inna, na gaya masa gaskiyar wanda ya rasu, na ce ya san yadda zai gaya wa Inna da mamanka.

Bayan kwana uku na koma Balad. Ammu Salim ya yi mini ta'aziyya sosai, har da hawaye, sannan ya ce, "Ina iƙama?" Na ce ta ɓata, ga lasina. Ya ce lasi ba iƙama takardar tsire ce, in aka tare ni motarsa za a kwace. Ya karɓi makulli, ya ce ranar da na kawo sabon kati aikina yana nan. Daga tuƙi na koma dako, ina ɗaukar dilolin da a da nake ɗorawa a mota, rabin kuɗi ake ba ni don an san ba ni da bakin magana.

Kuɗin sabon katin kuwa kashi uku ne. Tarar ɓatar da kati daban, kuɗin sabo daban, na ƙafar Baba Tanko daban. In ka haɗa ya fi albashina na wata biyu lokacin ina tuƙi. Takardar neman sabon kati suna kiranta badal fagid, mu muna cewa badal faƙiri, don duk wanda ya cike ta ya talauce. Wata huɗu ina tarawa ban kai ba, ga haya, ga ci. Hajiya ta daina buga mini ƙofar banɗaki, wannan ma sai ya fi faɗan ciwo.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ka zauna, Abba. Na buɗe akwatin nan shuɗi.

Na gaya wa kaina aro ne. In kati ya fito na koma tuƙi, in sayi wanda ya fi shi in aiko muku. Ɗan kunnen na kai wajen masu zinari. Sauran na kai wa wata mata mai kasa kaya a bakin kasuwar Balad. Ta ɗaga jallabiyar ta duba ɗinki, ta ɗauki takalmin ta matsa, ya yi ƙara. Ta yi dariya ta ƙara matsawa. Na karɓi abin da ta ba ni ban ƙirga ba, na shiga wani lungu na jingina da bango na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Kayanka ne na sayar, ɗana. Abin da babanka ya bar maka ke nan a duniya.

A banki ake fara biya, kafin kowa ya duba takardarka. Baba Tanko ya kai kuɗin da lambar katina, banki ya karɓa, ya ba da rasidi da sunana a kai. Na riƙe rasidin nan ina kallo, na ce tunda sun karɓi kuɗina ai ina raye. Ranar har shayi na saya wa 'yan dako.

Washegari muka je ofishin. Ya shiga da takardun, ni na tsaya nesa a inuwar wata bishiya. Tun ƙarfe takwas har aka kusa kiran azahar. Da ya fito bai zo wajena kai tsaye ba, sai da ya zagaya ta bayan motoci yana goge wuya da rawani. Ya miƙo mini rasidin.

Na ce, "Baba, ina katin?"

Ya ce, "Sun haɗa littattafan. Komai ya koma na'ura."

"To sai me?"

"Na'ura ta ce mai wannan lambar ya rasu. Har ranar da aka binne shi ta nuna. Da ƙyar na ce kuskuren lamba na yi suka bar ni na fito."

Na duba rasidin da ke hannuna. Can na ce, "To kuɗin fa? Su dawo mini da kuɗin in fanso kayan yaro."

Ya ce, "Ana dawowa da su. Amma sai mai sunan ya zo da kansa, da katinsa."

Na yi dariya a wajen nan, har mutane suka juyo. Ban san me ya sa ba. Shi kuwa ya ce zai je salla, ban ƙara sa shi a idona ba.

Babu abin da ya rage mini a Jidda. Na koma ɗaki na buɗe akwatin, ba komai a ciki sai fasfon Sadisu da kaset ɗin Inna. Na yi wa Hajiya sallama, ta cusa mini burodi da dabino a leda tana kuka da harshe biyu. Akwai wata gada da marasa takarda suke zama a ƙarƙashinta in sun gaji, suna jiran a zo a kwashe su. Na je na zauna da fasfon a hannu, tunda ni a takarda na mutu. Kwana shida aka ɗauke mu.

A tarhil kullum da safe ana kiran suna. Ranar farko aka ce, "Sadisu Adamu." Na juya ina duban ƙofa, wai ko zan ga ya shigo. Aka sake kira. Sai na tuna abin da na gaya masa ranar da na sa masa kati a aljihu. Na ɗaga hannu na ce na'am. Wata guda ina amsa sunansa, har cikin jirgi, har Kano.

Na iso Gumel da leda ɗaya. Shekara biyar da wani abu, ba inji, ba akwati, ba ƙane. Na tarar da Inna a tsakar gida tana zaune a kan dakalin simintin da injin yake a da, ramukan ƙusoshinsa suna nan. Kai kana riƙe da gwiwarta kana koyon tafiya, ƙafarka ba takalmi. Mamanka ta leƙo ta gan ni, ta ga fuskar mijinta, ta koma ɗaki da gudu.

Na durƙusa. Na kasa ɗaga kai. Na gaya wa Inna komai, katin, rumfar mai lemo, akwatin, ban rage ko ɗaya ba. Na ce, "Inna, kin ce kada in bar shi shi kaɗai. Ya cika ba na wajen."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "A kan kabarin, sunan wa aka rubuta?"

Na ce, "Can ba a rubuta suna a kabari, sai a littafi."

"A littafin fa?"

Na ce, "Nawa."

Ta ɗora hannu a kaina kamar lokacin ina yaro. Ta ce, "Ashe ba ka bar shi shi kaɗai ba. Tashi ka sha ruwa."

Inna ta rasu ban saya mata injin ba. Mamanka ta yafe mini tun tuni, ita ce ma ta ce kada in gaya maka sai ka girma. Rasidin yana nan cikin Alƙur'anina, ya yi ja, rubutun ya kusa gogewa, in kana son gani zan nuna maka.

Ungo, ga kuɗin. Jeka ka biya, ka yi layi, kada ka yi wa kowa faɗa. Kai in ka biya za su ba ka katinka, da sunanka a kai, da na babanka.